Hannun Mushe a Hamatar Surukarsa

Shekara uku bayan samun mulkin kai, gwamnati ta aiko wa makarantar wani ƙauye da ke gabas da Matankari farin akwati na ƙarfe. A ciki akwai auduga, da bandeji naɗi shida, da jan magani, da kinin, da almakashi mai lanƙwasasshen baki. Akwai kuma wani ɗan littafi na Faransanci mai hoton mutumin da aka feɗe wa fata, yana tsaye abinsa yana murmushi, jijiyoyinsa ja da shuɗi a fili kamar yaɗon kabewa. Aka kira malami guda daga kowace makaranta zuwa Dogon Dutsi, aka koya musu aikin akwatin cikin kwana uku. Daga wannan makaranta Ɗan'azumi aka tura, malamin ƙaramin aji, wanda yara da iyayensu ke kira Mushe, yadda bakinsu ya juya Monsieur na Faransanci.

Mai dafa wa yaran abincin rana kuwa, Lantana, surukarsa ce. Ɗiyarta Sa'a ce ke ɗakinsa. Shekara huɗu suna aiki a fili ɗaya ba su taɓa haɗa ido ba. Tana girki ta ba ajinsa baya, shi kuma in zai je rijiya sai ya zagaya ta bayan gini, har ƙafarsa ta fitar da 'yar hanya a wurin, awaki ma suka ɗauke ta. Tsakanin ajinsa da rumfar girki taku talatin ne, amma in gishiri ya ƙare sai maganar ta bi ta gida, ta kwana wurin Sa'a, ta dawo da safe.

Wata Talata cikin bazara, rana ta kusa tsaka, shugaban makaranta ya tafi taro Dosso. Ɗan'azumi yana rubutu a allo ya ji ƙarar tukunya ta faɗi, sai kuma muryar Talatu, matar da ke yi musu daka, tana salati. Ya leƙa ta taga. Lantana ta yi tuntuɓe da itace, ta faɗa kan rabin gangar da ake wanke kwanonin yara a ciki. Da guduma da kurfi aka raba gangar nan, bakinta duk haƙora. Haƙori ɗaya ya shige ta a hamatar hagu, jini yana tsartuwa yana tsayawa, yana tsartuwa yana tsayawa.

Bai san lokacin da ya ɗauko akwatin ba. Ya bi miƙaƙƙiyar hanya, taku talatin ɗin da bai taɓa yi ba, ya durƙusa, ya dunƙule auduga ya cusa a raunin, ya danna da yatsu huɗu har ya ji ƙashi. Wani abu yana motsi ƙarƙashin yatsansa na tsakiya kamar ɗan tsako a cikin ƙwai. Ya ƙara dannawa. Jinin ya tsaya.

Sai a lokacin Lantana ta ga ko hannun wane ne. Ta ja gefen zane ta rufe fuska, ta yunƙura za ta mirgina.

"Talatu," in ji ta, "ki ce a ɗauke hannun nan."

"Talatu," in ji Ɗan'azumi yana duban ƙasa, "ki ce wa Inna in na ɗauke, jini zai ƙare."

"Ki ce ya ƙare ɗin. Nawa ne."

Ya so ya ɗauke fiye da yadda ta so. Ya ce Talatu ta zo ta karɓe shi. Ya nuna mata wurin, ya ƙirga uku, ya zare yatsunsa ta sa nata. Jini ya feso mata har goshi. Ta danna sama, ta danna ƙasa, ba ta samu wurin ba, ta ja da baya. Ya mayar da hannunsa. Ya tuna abin da likitan Dogon Dutsi ya faɗa musu: rauni a ƙafa ko damtse a ɗaure, rauni a hamata ko wuya ba wurin ɗauri, hannunka shi ne ɗaurin, kuma ba ka da izinin ɗaga shi sai a gaban likita.

Yara sun fito duka, wajen sittin, sun kewaye su. Lantana tana jin numfashinsu ta bayan zane. Ɗan'azumi ya daka musu tsawa da Faransanci, ya ce su yi layi su fuskanci bango, su karanta jadawalin sau biyu har zuwa sau tara, in sun ƙare su sake. Suka juya baya suka fara rerawa.

Ana haka Gidaɗo ya shigo da sandarsa a kafaɗa. Bafulatani ne na rugar da ke bakin fadama, shi ke horar da shanun amalanken mai gari, kuma kowace Talata yakan zo ya roƙi a sallamo masa ɗansa ya koma kiwo. Tsakanin Fulani da Arawa, mutanen wannan ƙasa, akwai wasa, Gidaɗo kuwa ba ya barin nasa ya kwana. Ya tsaya ya dubi malamin, ya dubi matar da ke kwance, ya dubi yara sittin suna yi wa bango waƙa.

"Yau na ga abin da kakana bai gani ba," in ji shi. "Ba'are da hannu a jikin surukarsa, an kuma kawo mawaƙa. Dama na ce wanda ake kira Mushe ba ya rasa wari."

"Gidaɗo, bar wannan. Ɗauro shanu a amalanke. Dogon Dutsi za mu."

Gidaɗo ya sunkuya ya ga yadda ƙasa ta jiƙe, ya ga har tururuwa sun fara zagaya wurin suna neman bakinsa. Ya fita da sauri.

Kafin ya dawo inuwar rumfa ta janye ta bar su a rana. Ɗan'azumi ba ya iya matsawa, ba ya iya share zufa. Ƙuda ya sauka a leɓensa ya yi yawonsa ya tashi. Yana son ya duba littafin ya ga ko akwai wata dabara, amma littafin yana cikin akwati, akwatin yana bayansa, kuma ba mai karanta shi a wurin sai shi. Sa'a ta tafi bikin suna a Matankari tun safe. Ya gode wa Allah da ba ta nan, ya kuma ji haushin ba ta nan.

Mutum huɗu daga maƙwabta suka ɗaga Lantana a kan tabarma, shi yana biye da su a durƙushe kamar an ɗinke shi da ita. Aka shimfiɗa ta a amalanke, ya zauna a gefenta ya karkace, fuskarsa tana duban ƙafar amalanken, hannunsa yana can inda ba ya kallo. Talatu ta ce ba ta iya ganin jini kuma, ta tsaya da yara. Gidaɗo ya kaɗa shanu.

Hanyar yashi ce, shanun kuma ba su san gaggawa ba. Kowane rami suka faɗa sai ya ji audugar ta ƙara ɗumi. Ba Talatu yanzu, don haka Lantana ta koma kan Gidaɗo.

"Kai Bafillace, ka ce wa mutumin nan ya sake ni. Ka sauke ni gindin gawon can."

"Ni bawanku ne da zan riƙa kai saƙo taku ɗaya? Ga shi nan, kunnensa ya fi na jakina."

"Da wane ido zan shiga gari bayan wannan?"

"Da wanda kika rufe. Ai ba ki gan shi ba, shi ma bai gan ki ba. Ni kaɗai na gani, ni kuwa kowa ya san maƙaryaci ne."

Ta yi wani sauti a bayan zane, ko dariya ko kuka. Can sai ta miƙo hannun dama ta kama wuyan hannun Ɗan'azumi ta fara turewa. Da sauran ƙarfinta, na matar da ta shekara talatin tana tuƙa tuwon mutane da yawa. Ya ji yatsunsa suna zamewa. Bai taɓa yi mata musu ba, bai ma taɓa yi mata magana ba. Ya ɗora ɗayan hannun a kan na farko, ya sa nauyin jikinsa duka, ya ce da shanun, "Inna ta yi haƙuri. In ta warke ta sa Sa'a ta bar gidana, na yarda. Amma ba zan ɗaga ba."

Ta daɗe tana turewa kafin ta saki.

Suka wuce wasu mata masu ɗauke da itace. Matan suka tsaya suna kallo, ɗaya ta gane shi, ta rufe baki da tafin hannu. Ya san kafin magariba labarin ya riga shi komawa gida, kuma zai isa da ƙari. Ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai ya kafa ido a kan wata ƙusa da ke jikin katako, ya yi ta kallonta har ƙusar ta fara yi masa kama da ɗan mutum mai hula.

Bayan la'asar hannun ya mutu. Ba ya jin yatsunsa, ba ya jin motsin nan na ƙarƙashinsu, bai san ko yana dannawa ko ya daina ba. Lantana kuma ta yi shiru. Gidaɗo ya tsokane ta, ya ce tuwon Arawa ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci. Ba ta tanka ba. Ya waiwayo ya dubi Ɗan'azumi, ya juya ya zuba wa shanun sanda, abin da ba ya yi. Ɗan'azumi yana so ya yaye zanen ya ga ko tana numfashi. Hannayensa biyu suna kan rauni, kuma ko da yana da na uku bai san ko zai iya ba.

Dutsen da garin ya ci sunansa ya bayyana a gabansu, ja, tsaye shi kaɗai. Suka shiga gari ta bayan kasuwa, mutane suna darewa suna bin su da ido.

Likitan da ke asibitin sunansa Mani, shi ne ya koyar da su kwana ukun nan. Ya fito ya duba, ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin azahar."

"Ba ka ɗaga ba?"

"Sau ɗaya."

Aka shigar da su tare, aka ɗora ta a kan tebur. Mani ya wanke hannu, ya shirya ɗan awartakin ƙarfe da allura da zare, ya ce, "To, saki." Ɗan'azumi ya ba yatsunsa umarni, suka ƙi. Mani ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, jini ya taso, ya cafke jijiyar da awartakin, ya fara ɗinki. Ɗan'azumi ya ja baya ya jingina da bango, hannunsa a ƙanƙame kamar ƙafar kazar da aka yanka. Lantana ba ta motsa ba ko da allura ta shiga.

Da Mani ya ƙulle zare, ya taɓa wuyanta ya daɗe. Ya jawo babban littafin marasa lafiya ya tsoma alƙalami.

"Sunanta?"

Ɗan'azumi ya dubi Gidaɗo da ke bakin ƙofa.

"Ni da sunan Uwar Tukunya na san ta," in ji Gidaɗo.

"Mushe, kai nake tambaya. Ba daga makarantarku take ba?"

"Surukata ce."

"Na ji. Littafin gwamnati ba shi da suruka. Sunanta?"

Ya buɗe baki, sunan ya zo har harshe ya tsaya. Ya miƙa hannu ya karɓi alƙalamin don ya rubuta, alƙalamin ya faɗi ƙasa. Ya tsaya yana kallonsa, zufa tana ɗiga daga haɓarsa.

Sai murya ta fito daga ƙarƙashin zane, siririya, a shaƙe.

"Lantana," in ji ta. "Rubuta. Kuma ka fitar mini da yaron nan, ya tsaya mini a ka tun rana."

Mani ya sunkuya ya ɗauki alƙalaminsa. Gidaɗo ya kama Ɗan'azumi a gwiwar hannu ya ja shi waje, ya zaunar da shi a kan dakali, ya ɗebo ruwa a randa ya riƙe masa moɗar a baki har ya shanye.