Gabas Ta Ɓace wa Malam Dabo

Malam Dabo ya durƙusa da karan awon gawa a hannu zai shata kabari, sai gabas ta ɓace masa.

Shekara arba'in yana haƙa kabari a Gwaram. Shi ke shata wuri, kai kudu, fuska alƙibla, sannan majiya ƙarfi su sa diga. Ko liman ba ya bin bayan aikinsa. Amma yau ya ɗaga kai, rana tana tsaka, inuwarsa ta maƙale a ƙarƙashin ƙafa. Ciyawar damina ta shafe tsofaffin kaburbura. Kukar da yake gane wuri da ita tana nan, sai dai ya rasa ko a dama ta saba zama ko a hagu. Tsoro ya kama shi.

Ba yau abin ya fara ba. Ran kasuwar da ta wuce sau uku yana zagaya rumfar masu gishiri yana neman hanyar gida, yana ce wa mutane wai abokinsa yake nema. A Birnin Kudu malamin asibiti ya ce tsufa ne, ya ba shi ƙwayar ƙarin jini. Shi kuwa gwamnati ya ɗora wa laifi, wai tun da ta juya hannun tuƙin mota bara ta rikita wa kowa dama da hagu. Mutumin da ko keke bai taɓa hawa ba.

Ga makara tana hanya. Badaru da Sada, magidantan da ke haƙa tare da shi, sun dogara da diga suna jira. Ya yi bisimilla ya ja layi, ya koma gindin kuka kamar kullum.

Zama ya gagara. Ya taso zai faɗa musu gaskiya, gara ya sha kunya da a kwantar da Musulmi ya ba alƙibla baya. Sai ya tarar Badaru na share layin da tafin ƙafa, Sada na jan wani a gicciye. Ba shawara, ba waiwaye. Da gani sun saba.

"Tun yaushe?" in ji Malam Dabo.

Badaru ya sunkuyar da kai. "Tun farkon damina, Baba. Ka yi haƙuri. Duk mun gyara, ko ɗaya bai wuce mu ba."

"Kafin damina fa?"

Badaru da Sada suka dubi juna. Da bazara aka binne matarsa Barira, kuma ranar ya hana kowa taɓa diga. Shi ya shata, shi ya haƙa da hannunsa.

Ya juya da sauri zai je ya duba kabarinta. Taku uku ya yi ya tsaya, ya dubi ciyawa nan, ya dube ta can, duk iri ɗaya.

"Badaru," ya ce a hankali, "ta ina take?"