Itacen Ngumbao

"Alloli? Su wa ke nan? Kai Kitsao, maimaita in ji da kyau. Uban naka ne alloli?"

Nyevu ta riƙe wayar da yatsu biyu kamar wadda aka miƙa wa ruɓaɓɓen kifi, tana magana da ƙarfi, don a ganinta Mombasa akwai nisa, in ba a yi ihu ba magana ba za ta isa ba. Ɗanta ne a can. Wata uku ke nan ƙafarsa ta kumbura, har ya ajiye dakon da yake yi a tashar jiragen ruwa. Sai aka kai shi wurin wani fasto, faston ya rufe ido ya buɗe, ya ce wannan ba ciwo ba ne, allolin gidansu ne suka ɗaure shi. Allolin kuwa, da aka bi sawu, guntun itace ne da bai kai gwiwar mutum ba, a kafe a tsakar gida ƙarƙashin 'yar rumfar ganyen kwakwa, an ɗaura masa ƙyalle ja da fari a wuya. Irin itacen nan ne da mu mutanen ƙauyukan nan muke kafa wa mamaci. Wannan na Ngumbao ne, mijinta, uban shi Kitsao ɗin.

"Ina jinka, ban kurumce ba. Yau faston da mutanensa za su zo su ƙona? Gidanka? Yo ai na sani gidanka ne, ni baƙuwa ce, shekara hamsin kacal na yi a ciki. In tambaye ka, wa ya kafa itacen? Ba kai ka zo kana majina ba, wai ya zo maka a mafarki yana cewa an bar shi a rana? Da hannunka ka haƙa ramin."

Wayar ta katse. Ko mutuwa ta yi ko kashewa ya yi, oho. Ta miƙa wa Kahonzi, matar Kitsao, wadda ke zaune da ita a ƙauyen, ta goge yatsunta a zane. A nan ta ga gashin kaza a bakin murhu.

"Ke, wace kaza ce wannan?"

"Baƙar ce, Inna."

"Mai ƙwan?"

"Inna, bayin Allah ne za su zo."

"To Allah ya hore musu tasu kazar."

Ta ɗauki tsintsiya ta share gaban rumfar kamar yadda take yi kullum, ta zubar da busasshen ganye daga ƙoƙon kwakwar da ke binne a gindin itacen. A nan take tsiyaya masa bammi in mai hawan kwakwa ya kawo, don yana raye ba abin da ya fi so. Tana tsiyayawa tana ba shi labari: akuya ta haihu, wance ta gudu daga gidan miji, rufin da ya ce zai gyara har yau yana yoyo. Bai taɓa amsawa ba, amma ai yana raye ma haka yake. Ruwan sama kuwa, ko lafiya, ko haihuwa, ba ta taɓa tambayarsa ba. A ina zai samo? Wannan na Mulungu ne, Allah da ya yi kowa.

Da hantsi suka iso, su bakwai. Faston na gaba cikin farin kwat, gumi ya jiƙa masa hammata har zuwa ƙugu. Maza huɗu a bayansa, ɗaya da lasifika a kafaɗa, ɗaya da jarkar fetur, sai mata biyu da ganga. Suka bi ta cikin rogonta saboda hanyar ta yi musu zagaye.

"Mama, salama ta sauka a gidan nan."

"Da akwai ta kafin ku zo. Kai ba Mramba ba ne, ɗan Sidi mai bammi?"

"Fasto Mramba ake ce mini yanzu, Mama."

"Madalla. Ya uwar taka? Har yanzu tana ƙara wa bammin ruwa?"

Ɗaya daga cikin mazan ya yi tari ya juya baya. Faston ya ce a fara da albarkar gida, wato a ci abinci. Nyevu ta zauna a kan turmi tana kallon yadda kazarta ke shigewa. Ya cinye cinya biyu da ƙundu, ya tsotse ƙashi yana lumshe ido, ya ɗebo miyar kwakwa da tuwon masara har tana bin gwiwar hannunsa, sannan ya goge bakinsa da ƙyallen da zai ɗora wa mutane a ka. Ta kau da kai.

Da ya yi gyatsa ya miƙe, ya nuna rumfar da yatsa daga nesa.

"Mama, yau za a 'yanta gidan nan daga bautar gumaka."

"Tsaya, ɗan nan. Ni ban yi makaranta ba, ka fahimtar da ni. Allah nawa ne?"

"Ɗaya ne, Mama. Ɗaya tak."

"Yauwa. Haka kakata ta ce. Mulungu ɗaya ne, ba ya ci, ba ya sha, ba wanda ya ga fuskarsa balle ya sassaƙa. Ƙanena da ya musulunta a Malindi shi ma haka ya zo yana gaya mini, kamar sabon labari. To ku da wa kuka zo faɗa?"

"Da allolin ƙarya."

"Akwai su ko babu su?"

"Babu su. Wato akwai su, amma ba na gaskiya ba ne. Babu su, sai dai suna da ƙarfi."

"Babu su, kuma suna da ƙarfi." Ta jinjina kai. "Lallai karatu da daɗi. To wa ya yi su?"

"Shaiɗan ne ke shiga cikinsu."

"Cikin Ngumbao? Shaiɗan ya rasa wurin zama duk faɗin duniyar nan sai cikin Ngumbao? Mutumin da in ya ga hawainiya a hanyar gona sai ya dawo gida ya ce kansa na ciwo? Ɗan nan, shekara arba'in na kwana kusa da shi. Na san minsharinsa, na san warin ƙafarsa. Yana raye bai iya ɗaure akuya ta ɗauru ba, sai da ya mutu zai ɗaure ƙato daga nan har Mombasa?"

"Inna, don Allah," in ji Kahonzi, kamar za ta yi kuka. Ita tsoronta na gaske ne. Mijinta na can kwance, kuma an ce mata maganin na nan a tsakar gida.

Faston bai ƙara bi ta kan Nyevu ba. Ya ce a kunna lasifika. Suka kewaye rumfar, amma da tazara, kamar masu kewaye rijiya marar murfi, aka soma kiɗa. Shi yana ihu a kan itacen, yana ce masa fita, ka sha kaye, wuta a kanka, yawu na tsartuwa daga bakinsa yana sauka a kan jan ƙyallen da ita ta wanke shekaranjiya. Akuyoyi suka tsinke suka yi daji. Maƙwabta suka jeru a bayan shinge. Can sai ɗaya daga cikin matan ta yar da ganga ta faɗi, ta yi ta birgima cikin kashin awaki, ta ƙanƙance ido ta saki wata murya mai kauri.

"Ni ne allan gidan nan! Ni na cinye ƙafar Kitsao!"

"Kun ji! Kun ji da bakinsa!" in ji faston.

"Wannan ba shi ba ne," in ji Nyevu daga kan turmi. "Ngumbao muryarsa siririya ce, kamar ta ɗan akuya. Kuma ba ya cin nama mai ƙashi, haƙoransa uku. Ke Dama, tashi, kin kwanta a inda bunsuru ke fitsari."

Aka yi dariya a bayan shinge. Matar ta ɗan matsa gefe ta ci gaba da birgimar.

Nyevu ba ta yi dariya ba.  Abin da ya ɓata mata rai ba yawun ba ne kawai, ba kazar ba ce. Yadda suke jan sunan Allah a ƙasa ne. A bakinsu ya zama kamar wani tsohon mai unguwa da ƙarfinsa ya ƙare, mai kishiyoyin sarauta a kowane lungu, sai an tara masa samari da ganga sun je sun ƙwato masa kujera. Shi da ya shimfiɗa teku ya hana ta hawowa cikin gonaki, wai yau yana kokawa da itacen da Kitsao ya saro a bayan masai. Tun tana yarinya ba ta taɓa jin wanda ya raina Allah haka ba, har cikin mashaya.

Rana ta take tsaka, muryoyi suka dushe, batirin lasifikar ya mutu. Faston ya ce ƙarfin abin ya karye, saura a tuge shi a kai bayan gida a ƙona, don in an ƙona shi a nan wutar za ta kama ɗakin girki.

"Ɗan'uwa Yaa, tuge shi."

Yaa, mai jarkar fetur, ya dubi hannunsa. "Fasto, ni hannuna na warin mai."

"Ɗan'uwa Kenga."

"Bayana ne, Fasto, tun jiya ba na iya sunkuyawa."

Na ukun ya zura hannu cikin leda, ya matsa taku biyu, ya tsaya, ya ce ledar ta huje. Na huɗun ya tafi fitsari bai dawo ba. Faston da kansa ya naɗe hannun kwat, ya karanta abin da zai karanta, ya miƙa hannu har ya kusa, sai ya janye ya sosa wuya.

Nyevu ta gane. Duk 'ya'yan ƙauyukan nan ne. Duk an gaya musu suna ƙanana cewa wanda ya tuge itacen mamacin da ba nasa ba hannunsa zai shanye, don kada yara su mai da shi abin wasa. Sun girma, sun sa kwat, sun sauya suna, amma maganar na nan zaune a cikinsu daram. Ita kuwa da ake cewa tana bauta masa, sau nawa ta jingina tsintsiya a jikinsa, sau nawa ta shanya tsumma a kansa in igiya ta cika.

"Mama," in ji faston, muryarsa ta yi laushi, "ya fi kyau ke ki tuge shi da hannunki. Alamar tuba ce."

"Ni? Ai ku ne da Allah. Ni da wa?"

Sai wayar ta yi ƙara a hannun Kahonzi. Ta saurara, ta ce, "A'a, ba a ƙona ba tukuna," sannan ta miƙa wa surukarta. "Inna, ya ce ke yake so."

Nyevu ta karɓa. Ta daɗe tana ji, tana cewa uhm, uhm, tana kallon ƙartin da suka yi cirko-cirko a rana. Ta sauko daga turmin, ta ratsa tsakaninsu, ta durƙusa a gaban rumfar. Ta ƙwanƙwasa itacen da bayan yatsa. Ya yi ƙara irin ta abin da ba komai a cikinsa, jar ƙasa ta zubo daga wani rami a gefensa, 'yan fararen ƙwari suka fito suna neman wurin ɓuya. Dama ta daina birgima ta ɗago kai.

Amsar da ta ba ɗanta ita ta kashe maganar. Kitsao bai ƙara tayar da ita ba, masu ganga suka kwashi kayansu suka fita ta hanya, ba ta cikin rogo ba, itacen kuma ya ci gaba da zama a inda yake. Da ƙarfi ta faɗa, yadda Mombasa za ta ji, har da na bayan shinge.

"Kitsao, ka ji wannan ƙarar? Gara ce. Ta cinye cikinsa tas. Damina biyu nan gaba zai faɗi da kansa, kuma ka san ba a kafa wani. In ya faɗi shi ke nan, ubanka ya huta, ni ma ina bayansa. Ka taɓa jin allan da gara ke ci, a bar shi ya ruɓe, ba mai kuka? Ni shekara tara ina zuba masa bammi, ban taɓa ɗaukarsa komai ba sai tsohon mijina mai son a kula shi. Mutanen da ka turo ne suka naɗa shi allah yau da safe, ga su nan ƙarti sun kasa taɓa shi. Ni Allah ɗaya na sani, ba shi da abokin kokawa, kuma ba ya bukatar fetur. In naka yana tsoron abincin gara, ka sake wani. Ƙafar kuma ka kai ta asibiti."