Tambaya Ta Bakwai

Minti goma sha biyar da raba takardu, amma ko biro ɗaya bai fara motsi ba. Madam Doka na tsaye a gaban zauren da agogo a hannu, tana kallon kawuna arba'in da biyu a sunkuye. Wani yaro ya duƙufa yana tauna murfin bironsa. Wata yarinya ta juya takardar baya, wai ko akwai abin arziki a can, ta tarar fari fat, ta sake juyowa.

Madam Doka 'yar ajin ƙarshe ce, kuma shugabar ƙungiyar lissafi ta makarantar. Sunan ya bi ta tun tana aji ɗaya, ranar da ta kai ƙarar kanta don ta makara. Ita ta kawo shawarar su shirya wa yaran ƙaramar sakandare gasa, ita kuma ta zauna ta rubuta dokoki goma sha ɗaya. Ta huɗu ce abin alfaharinta. Su bakwai ne a kwamiti, kusan kowa na da ƙane ko ƙanwa cikin masu gasa, don haka kowa ya rubuta tambaya ɗaya shi kaɗai, ya liƙe a ambulan, kada wani ya ga ta wani. Mai shagon buga takardu ne kawai ya gan su a haɗe, shi kuwa ba ruwansa da lissafi. Malamin lissafi ya ce a kawo ya duba, ta tuna masa cikin ladabi cewa ɗansa ma yana ciki.

Sai yanzu ta ɗauki takarda guda cikin waɗanda suka yi saura, ta karanta a karo na farko. Ta karanta ta ɗaya, ta koma ta sake karantawa. Ta biyu akwai wata alama a ciki da ita kanta sai bara ta fara ganinta. Ba ta ko kai ta biyar ba ta ɗago kai. Ta yafito 'yan kwamitin da hannu, suka biyo ta baranda.

"Wane mara imanin ne ya kawo ta ɗaya?"

Farfesa, mataimakinta, ya gyara tabaransa. "Ai doka ta ce..."

"Kar ka kawo mini doka! Ni na rubuta ta."

"To, tawa ce. Na ɗauka ku za ku kawo masu sauƙi, sai na ce bari a samu guda ɗaya da za ta raba gwanaye da 'yan rakiya."

"Wallahi ni ma tunanin da na yi ke nan," in ji Dogo.

Sakatariya ta sunkuyar da kai. "Ni ma."

Haka suka yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya bar wa ɗan'uwansa sauƙi, shi ya riƙe bajinta. Gajere kuwa, da aka matsa shi, ya ce daga littafin yayansa na jami'a ya kwafo tasa.

"Kana da amsar dai ko?"

"Tana bayan littafin."

"Littafin fa?"

"Yaya ya koma makaranta da shi."

Madam Doka ta dafe kai da hannu biyu. Wata biyu tana fama da waɗannan mutane. Ta roƙi zaure, ta roƙi benci, ta yi sintiri ofishin shugaban makaranta har masinja ya daina amsa gaisuwarta, ashe wahalar banza take yi.

"Yara 'yan shekara goma sha biyu! Me suka yi muku? Ku ba a taɓa haihuwarku ƙanana ba ne?"

Farfesa ya ɗaga takardar. "Ranki ya daɗe, wannan ta bakwai fa? Tanki mai famfo uku, ɗaya na zuba, ɗaya na tsiyaya, na ukun kuma sai an jima yake buɗe kansa. Ta wa ce?"

"Ku koma ciki, an bar yara ba mai tsaro," ta ce.

Tata ce. Sati biyu ta yi tana gyara ta, tana ƙara mata ƙulli, don ita ma ta tabbata sauran shida za su kawo abin da yaro zai iya haɗiyewa. Amma ba wannan ne ya fi damunta ba. Doka ta tara ce ta tsaya mata a wuya: bayan an gama, za a karanta makin kowane yaro da lasifika a gaban iyaye, daga ƙasa zuwa sama. A benci na uku kuwa, kusa da taga, ga Auta nan, ƙanwarta, wadda ciwon ciki ke kama ta duk ranar da ake da lissafi. Da ƙyar ta lallashe ta ta shiga. "Akwai masu sauƙi, na yi miki alkawari," ta ce mata. "Ko ba ki ci kofi ba, ba za ki fito hannu wofi ba." Baba ma ya rufe garejinsa ya zo, yana can waje cikin iyaye, ya cika cajin wayarsa don ya ɗauki lokacin da za a kira sunan Autarsa.

Ta leƙa ta taga. Abin mamaki, Auta na ta rubutu, kanta kusan ya taɓa takarda.

Da awa ɗaya ta cika aka karɓi takardu. An ware awa guda don dubawa, minti goma suka ishe su. Sakatariya ta miƙo mata jerin sunaye ba tare da ta haɗa ido da ita ba. Yara talatin da tara sifili. Biyu sun samu ɗaya ɗaya. Wata 'yar siririya daga wata makaranta ta samu biyu. Madam Doka ta bi jerin da yatsa har ta iso sunan gidansu, ta ga ƙwallon sifili zaune a gabansa, zagayayye, Sakatariya ta ma zana shi da kyau.

Malamin lissafi ya leƙo ɗakin, hannu a baya, yana wani murmushi mai ban haushi. "Shugaba, iyaye na jira. A kunna lasifika?"

"Malam, a ba mu minti talatin."

Ta rufe ƙofa, ta ɗebo takardu bakwai cikin waɗanda suka yi saura, ta dire wa kowa guda a gabansa, ta zauna da tata.

"Mene ne kuma wannan?" in ji Dogo.

"Abin da muka dafa ne. Kowa ya ci. Ba kalkuleta, ba leƙe."

"Haba Madam, ai wannan ba ya cikin..."

"Dogo, ka ɗauki biro kafin raina ya gama ɓaci."

Kowa ya sunkuya kan takardarsa. Ba a yi minti biyar ba Gajere ya fara tauna murfin bironsa. Farfesa ya juya takardar baya. Ita kanta ta kafa wa ta ɗaya ido har lambobin suka fara rawa, daga ƙarshe ta haƙura ta koma kan tankinta. Malam ne ya duba musu, yana yi yana tari irin na mai danne dariya.

Da ta hau dandamali, zauren ya cika maƙil, iyaye na fifita da takardun gayyata. Baba ya ɗaga waya sama. Auta ta cusa fuska cikin tafin hannunta. Madam Doka ta buga lasifikar da yatsa, ta ce za ta fara daga ƙasa kamar yadda aka tsara, amma da waɗanda suka rubuta tambayoyin, don su ma sun zauna wa takardar.

"Gajere, ajin ƙarshe, sifili. Har da tambayar da ya kawo da kansa."

Wani uba a baya ya fashe da dariya, zauren ya ɗauka. Ta ci gaba. Dogo ɗaya. Sakatariya ɗaya. Farfesa ɗaya, ya ɗaga hannu yana cewa da rabi, ba wanda ya saurare shi. Sauran biyun ma ɗaya ɗaya. Ta karanta nata a ƙarshe, ɗaya cikin bakwai, yara suka yi ta buga benci. Sannan ta kira 'yar siririyar nan mai maki biyu, ta ce ga wadda ta kayar da kwamiti gaba ɗaya, ta miƙa mata kofi. Ta ninke jerin yaran gida huɗu ta tura aljihu.

"Doka ta tara fa?" Farfesa ya raɗa mata.

"Ta mutu. Ka rubuta a littafi."

A bakin ƙofa ta tarar da Baba yana nuna wa wani uba hoton Gajere, suna ta ƙyaƙyatawa. Auta na gefe a kan matakala, jakarta a cinya. Madam Doka ta zauna kusa da ita, gajiya ta sauko mata gaba ɗaya. Ta ji dai ta tsallake, ba a kira sifilin kowa ba sai na wanda ya cancanta.

"Na ga kina ta rubutu," ta ce. "Wacce kika yi?"

"Ta bakwai."

"Ita kaɗai? Awa guda cur?"

"Ai na gane taki ce, Yaya. Ke ce kullum kike faɗan an bar famfo yana yoyo." Auta ta murza tawadar da ta ɓata mata yatsa. "Da na ga sauran sun fi ƙarfina, sai na ce Yaya ta yi alkawari akwai mai sauƙi, to tata ce mai sauƙin. Na yi ta yi, na yi ta yi, ta ƙi fita. Na ce to, kaina ne."

Baba na kiransu daga bakin titi, wai su yi sauri ga mota. Madam Doka ta zaro takardar tambayoyin daga jaka, ta shimfiɗa a gwiwarta, ta juya bayanta inda yake fari.

"Ba kanki ba ne," ta ce. "Ba ni biron. Baba, a bar wannan motar ta wuce."