Takin da Orozbek Ya Kawo

Da ƙanƙara ta narke a bayan gidanmu, abin da ta bari ko jaki ba zai kalla sau biyu ba. Filin ciyawata nake nufi, wanda nake lallaɓawa tun da na ajiye tuƙi. Gefen bango, inda dusar ƙanƙarar rufin kwano ke zamowa ta taru, fumfuna ta kwanta fara fat kamar saƙar gizo. Tsakiya kuwa baƙin tabo ne mai faɗi, inda muka girke babbar tukunya ranar da muka yanka goɗiya don naman hunturu. Dangi sun zo, sun tattake ciyawar tana daskare, sun ci, sun shafa addu'a, sun tafi. Ban hana kowa ba. Wa zai ce wa dangin matarsa su ɗaga ƙafa?

Sunana Jumadil. Rabin rayuwata a kan titi na yi ta, ina kwaso tsofaffin motoci daga Jamus da Lituwaniya zuwa nan Bishkek. A can na fara ganin mutum mai furfura, da hankalinsa, kwance a ciyawar gidansa da rana tsaka, ba ya jiran kowa, ba wanda ke jiransa. Na ce wa kaina, in Allah Ya sauke ni daga kujerar nan lafiya, sai na yi wa bayana irin wannan shimfiɗa. Na kuwa yi, har hunturun bana ya cinye ta.

Matata Shayir ta fito da bokitin wanki ta same ni ina zungurar ƙasa da ƙafa.

"Baban yara, gaisuwar mutuwa ake karɓa ne? In shimfiɗa maka darduma?"

"Suma ta yi, baibice. Za ta farfaɗo."

Baibice muke ce wa uwargida in ta manyanta. In na kira ta haka, ta san lallashi nake.

"Wannan wuri dankali yake so," ta ce. "Jikoki ba sa cin ciyawa. Kai ma ban ga kana ci ba."

Mun daɗe muna wannan gardama, amma bana ita ke da hujja a ƙasa. Muka yi ciniki irin na mutanen da suka san juna. Ta ba ni zuwa lokacin da furen tuffa zai zube, don in ya wuce haka dankali ya makara. In ciyawa ta rufe ƙasa kafin nan, fili nawa ne. In ba ta rufe ba, ni da hannuna zan kafta mata shi.

Na kama aiki. Na bi da manjagara na kwashe matacciyar ciyawa da fumfuna har ƙasa ta sha iska. Inda ƙafafu suka daddale na yi ta caccakawa da ƙarfe mai yatsu, ina girgizawa, don ruwa ya sami hanya. Baƙin tabon na kankare shi da shebur na zubar. Na je kasuwar Osh na sayo iri a leda mai hoton fili kore shar da wani kare yana dariya. Saura taki.

Ashe Shayir ta faɗa wa ƙaninta Orozbek a waya cewa na rasa abin yi, ina jinyar ciyawa. Shi makiyayi ne a At-Bashi, can cikin duwatsu inda aka haife su. Sai ga shi da safe da tsohuwar motarsa, baya cike da buhuna.

"Jezde," ya ce, don haka ƙanin mata ke kiran mijin yaya, kuma da wannan suna yake da lasisin yi mini duk iskancin da ya ga dama, "na ji ka zama tunkiya, kana neman makiyaya. Ga gudummawa daga 'yan'uwanka."

"Ka gaishe su. Da ma a gidanku su ne masu hankali."

Muka rungumi juna, na kwance buhu ɗaya na tsoma hannu. Nan take na gane. Takin kirki shi ne na ƙasan garke, wanda ya shekara ya danƙare. Amma wannan su mutanen dutse yanka shi suke kamar bulo, su shanya, su yi wutar hunturu da shi. Ba mai ba ka makamashinsa don ka yi wa ciyawa ado. Orozbek saman garken ya share mini: sabon kashin tumaki, haɗe da burbushin harawar da suka ci suka rage. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san abin da ke ɓoye a cikin irin wannan: ƙwayoyin ciyawar daji.

Na ɗaga kai. Shayir na tsaye a bakin ƙofa da butar shayi, tana kallon ƙaninta da ya kwana a hanya don mijinta. A wurinmu in suruki ya kawo maka abu, ba ka shinshina shi. Na ce, "Madalla, ba a samun irinsa a birni," kuma ban yi ƙarya ba. Bai bar ni na ɓoye buhunan ba ma. Bayan ya sha shayi ya ci nama, ya tuɓe riga, ya taya ni watsa iri, muka rufe shi da takin kakaf.

"In ta fito ka kira ni in kawo raguna su yi maka aski," ya ce yana shiga mota.

Daga nan sai ban-ruwa da jira. Gwarare suka ci rabonsu. Aka yi wani sanyi na ba-zata, na rufe wurin da tsofaffin buhuna. Sannan rana ta buɗe, fili ya fara tsiro.

Irin kasuwa ya fito, siriri, jefi-jefi, kamar gemun saurayi. Baƙin da suka zo cikin taki kuwa ba su yi kunya ba. Mai ganye uku-uku ta bazu ko'ina. Wata mai faffaɗan ganye ta kwanta kamar tafin hannu. Wata toka-toka mai laushi ta cika tsohon gurbin tukunya. Na fara cirewa, na ga in na cire su duka, ƙasa ce tsirara za ta rage. Maƙwabcina ya leƙo ta kan katanga ya tambaye ni ko magani nake nomawa.

Furen tuffa ya zube. Na san an ci ni. Abin da na yi alkawari fili ne irin na Jamus, wannan kuwa ko ni ba zan rantse da shi ba. Shayir ta fito da shebur da kwandon irin dankali da ya riga ya fid da ido, ta ajiye a gabana. Ta durƙusa don ta nuna mini inda kunya ta farko za ta fara, ta damƙi toka-tokan nan ta tuge.

Sai hannunta ya tsaya. Ta murza ganyen, ta kai hanci.

"Shibak ne," ta ce a hankali, ba da ni take ba. Ashe ciyawar duwatsun garinsu ce.

Ta rarrafa gaba, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana buɗa ganye da yatsa. Wannan ita ce tumaki ke bi in sun sauko daga tudu. Wannan mahaifiyarsu ke ɗaura musu in sun yanke. Wannan in ta yi fure, ƙudan zuma ba sa barin ta. Tana faɗa tana sake shinshina yatsunta.

Na sayar da motoci da yawa a rayuwata. Akwai lokacin da mai saye ke shafa sitiyari ya yi shiru. In ka yabi motar a wannan lokaci, ka ɓata ciniki. Abin da ake yi shi ne a miƙa hannu kamar za a karɓe makulli. Na ɗauki shebur, na tofa yawu a tafi, na kafa bakinsa daidai tsakiyar shibak ɗin, na ɗora ƙafa.

"Matsa, baibice, rana na yi. Magana magana ce."

"Me za ka yi?"

"Kaftu. Ciyawar banza ce, ƙaninki ya cuce ni. Dankali ya fi."

"Cire ƙafarka."

"Jikoki fa?"

"Orozbek na da gona har ba ya iya nome ta. Ya ƙara mana kunya biyu, ai shi ya jawo." Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta dube ni da kyau. "Kuma kada ka ɗauka ban gane ka ba, tsohon dillali. Ka ci, amma da sharaɗi. Injin askin ciyawar nan naka ba zai hau nan ba sai sun yi fure sun zubar da iri."

"Za ta kai gwiwa fa."

"Ta kai."

Na yi ɗan gunaguni don kada nasarar ta yi arha, na mayar da shebur rumfa. Irin dankalin ta aika wa Orozbek da shi, ya bugo waya ya yi dariya har tari ya kama shi.

Yanzu filin ba ya kama da komai da na gani a Turai. Wani wuri tudu, wani wuri kwari, fure fari da rawaya ko'ina, kuma sai na duba kafin in zauna saboda ƙudan zuma. Na aske ɗan gefe ɗaya daidai tsawona, da izini. Bayan azahar nakan kwanta a nan, Shayir ta kawo shayinta ta zauna cikin dogayen, ta tuɓe takalma. Jiya ta ce in bana za a yi yankan hunturu, a kai tukunya bakin titi, kuma ita da kanta za ta faɗa wa danginta.