Gwaggo Ta Ga Jarida

Ƙarama ta haura shekara hamsin, tana da shagon tabarau nata na kanta a bakin babban titi, tana da jika har ya fara tafiya, amma har yanzu Ƙarama ake ce mata. Dalili kuwa sunan yayar mahaifinta aka sa mata, wani suna dogo mai nauyi wanda ko a katin banki sai an guntule masa wutsiya yake shiga. Tunda mai sunan tana nan da ranta, bakinta kuma bai mutu ba, sai dangi suka raba gardama: waccan Gwaggo, wannan Ƙarama.

Ba ta taɓa son sunan ba. A makaranta sai malami ya ja numfashi kafin ya kira shi. Mijinta ma tun farkon aure ya ce shi dai "ke" ta ishe shi. Ta daure har ranar da wani mai kawo kaya ya duba jikin kwali, ya tambaye ta da zuciya ɗaya ko sunan maganin tari ne. Ta karɓi kwalin, ta rufe shago, ta nufi kotu.

Ofishin rantsuwa ɗan ɗaki ne mai benci ɗaya da fanka mai kuka. Akawun ya buga takarda, ta yi rantsuwa, ta sa hannu, aka danna hatimi. Sabon sunan gajere ne, mai daɗin faɗa.

"Saura ki buga sanarwa a jarida," in ji akawun.

Nan ta tuna cewa Gwaggo ba ta ƙetare jarida. Sai ta zaɓi can shafin baya, inda rubutu yake kamar ƙafar tururuwa, ta ce idon tsohuwa ba zai kai nan ba. Ta manta cewa a watan da ya wuce ita da hannunta ta auna idon Gwaggo, ta yanka mata sabon tabarau.

Jarida na fitowa waya ta yi ƙara. "Ki zo," in ji Gwaggo, ta kashe.

Ta same ta a kujerarta ta bakin taga, tabarau a kan hanci, jarida a cinya, an zagaye sanarwar da jan biro. Ƙarama ta gaishe ta, ta raɓe a gefen gado, ta fara jero ban haƙurin da ta haddace a mota.

"Gwaggo, wallahi ba raini ba ne, harkar takardu ce kawai..."

"Ashe ana yi?"

"Na'am?"

"Na ce ashe ana canzawa! Shi ne duk gidan nan aka rasa mai gaya min?"

Ƙarama ta saki baki. Gwaggo ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

"Kin san sunan wa aka liƙa min? Wata maƙwabciyarmu ce mai masifa. Akuyarmu ta cinye mata shuka, babana ya sa min sunanta don ta huce. Kuma ba ta huce ba, har ta mutu ba ta amsa gaisuwarmu."

"To Gwaggo, da aka zo sa min, me ya hana ki hana?"

"In sha wahala ni kaɗai? Miƙo min takalmina."

Haka Ƙarama ta sake hawa matakalar kotu, riƙe da hannun tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya. Akawun ya gane ta, ya ba Gwaggo kujerarsa, ya tambaya cikin ladabi wane suna Mama take so. Gwaggo ta zaro jaridar daga jaka, ta ɗora yatsa a cikin jan da'irar.

"Wannan."

Ƙarama ta miƙe tsaye. "Gwaggo, ai nawa ne!"

"Saye kika yi?"

"Shekara da shekaru na yi ina zaɓensa!"

"Shi ya sa ya yi kyau. Ke da kika ɗauki nawa shekara hamsin, kin ji na ce uffan?"

Ƙarama ta juya wajen akawun tana neman agaji. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ya ce doka dai ba ta hana mutum biyu suna ɗaya ba. Gwaggo ta yi rantsuwa da murya har ana ji a baranda, ta kuma nemi a bar ta ta danna hatimin da kanta. Aka bar ta.

A hanyar gida Ƙarama ta ɗaure fuska. Gwaggo kuwa sai kiran sabon sunan take a hankali, tana amsawa da kanta, "Na'am." A karo na uku dariya ta ƙwace wa Ƙarama, har mai motar baya ya danna mata ham.

"Tsaya wajen mai hoto," in ji Gwaggo. "Tawa sanarwar da hoto za a buga, kuma a shafin gaba. Akwai waɗanda nake so su gani."

Ƙarama ta sa sigina ta sauka gefen titi.