Zangon da Ya Cinye Garin Gwadabe

Mudi yana da shekara ashirin da biyu lokacin da Gwadabe, mai garin Tudun Ƙaya, ya sa aka ɗaure ubansa Jibo a bakin kasuwa aka yi masa bulala. Jibo baƙo ne daga Gobir, maginin rijiya. Shi ya gina rijiyar da fatake ke sauka garin dominta, amma da ya roƙi gona kusa da ita sai Gwadabe ya ce baƙo ba shi da ƙasa a nan. Bayan bulalar aka kore shi da iyalinsa da rana tsaka. Jibo bai kai garin Mahuta da suka nufa ba, a hanya ya cika.

Da suka rufe shi, Mudi ya dubi uwarsa Marka ya ce, "Inna, sai na mayar da garin nan kufai."

"Da me? Ko baka ba ka da shi."

"Da abin da Baba ya koya mini."

Suka zauna a wata fadama, tafiyar rabin wuni gabas da Tudun Ƙaya. Yana haƙa, tana jan ƙasa da ƙwarya, har ruwa ya fito bayan wata biyar. Ya sare daji ya fitar da hanya, ya kayar da giginya uku ya shimfiɗa kan rafin da ke tsare jakuna da damina. Sannan ya tari Madugu Sada, jagoran ayarin da ke kai kanwa da gishiri Zazzau.

Sada ya ɗanɗana ruwan, ya taka gadar, ya ce, "Ruwanka da daɗi. Amma wa zai gyara mana ƙarfe? Wa zai sayar mana da dawa?"

"Madugu, ka biyo nan baɗi."

Mudi ya shiga yawo. Ya gaya wa maƙeran ƙasar Kano cewa dajinsa cike yake da ƙirya, gawayi kyauta. Ya kira Maguzawa masu noman auduga, ya ce kowa ya share iya ƙarfinsa, ba mai tambayarsa abin da yake bauta wa. Masaƙa suka biyo auduga, marina suka biyo masaƙa. Fulani suka kafa ruga bayan rijiya ta uku da ya haƙa. Duk wanda ya fito daga Tudun Ƙaya kuwa, Mudi da kansa yake zaɓa masa gona mafi kyau, kuma ya aika shi ya kira ɗan'uwansa.

Bayan shekara tara, ayari ya daina bi ta Tudun Ƙaya gaba ɗaya. Rijiyar can ta rufta, ba wanda ya iya gyaranta.

Wata ranar kasuwa Gwadabe ya zo da sanda, ya tsufa, rawaninsa ya koɗe. Ya tsaya gaban Mudi cikin ƙarar maƙera.

"Malam Mudi, gida huɗu suka rage mini. Ka zo ka duba mana rijiya."

"Gida huɗun su taso, akwai gona."

"Ni fa?"

"Kai mai gari ne. Koma ka tsare garinka."

Marka, da ke zaune tana sayar da fura, ta kama gefen rigar ɗanta. "Ɗan nan, ya isa haka."

"Bai isa ba, Inna."

Kafin kaka gida uku suka taso. Gwadabe ya yi shekara biyu yana ɗebo ruwa daga rafi. Ranar da ya rasu, mutanen da ke garin ba su isa ɗaukar gawa ba. Mudi ya ba da farin ƙyalle na likkafani daga saƙar garinsa, ya tura mutum takwas su yi masa sutura. Shi bai je ba. Da suka dawo ya tambaye su ko ƙyauren ƙofar Tudun Ƙaya na nan da ƙwari, suka ce yana nan. Ya sa aka je aka ciro shi, aka kafa a ƙofar garinsa.