Asabar Ɗin da Bakin Radostina Ya Mutu

Duk faɗin birnin Plovdiv, in kana neman malamar yoga da ta fi Radostina iya naɗe jiki, za ka sha yawo. In kuma wadda ta fi ta surutu kake nema, to kada ma ka fito daga gida. Shekara ashirin tana koyarwa a zauren Bojidar, saman gidan burodi, kuma ajin safiyar Asabar nata ne tun zauren ba shi da fenti. Tsakanin "ku ɗaga hannu" da "ku sauke" sai ta ba ka tarihin ƙashin bayanka, da na maƙwabciyarta, da tafiyarta Indiya, wadda ta yi sau ɗaya tak amma har yau ba ta gama ba da labarinta ba.

Ana nan sai ga Velina, yarinyar da Radostina ce ma ta koya mata tsayuwa da ka, ta je ta yi horon wani salon yoga da ake kira "yin" ta dawo. Shi salon yin ɗin nan babu tsalle babu gumi. Mutum zai kwanta a yanayi ɗaya, a tokare shi da filo da bargo, ya yi mintoci ba motsi har jijiyoyi su saki da kansu.

"Yogar malalata," in ji Radostina, ta ja dogon tsaki. "A wanko ƙafa a zo nan a yi barci? Gadajen gidajensu ƙonewa suka yi?"

Tana ta tsakinta, matan Asabar kuwa suna ta zarewa ɗaya bayan ɗaya zuwa ajin Velina na yamma. Har Gwaggo Stoyanka, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a ajin, ita ma ta naɗe tabarmarta ta bi su. Nan Bojidar ya tare Radostina a bakin bene.

"Yaya Radostina, ki daure ki je horon nan. Matan nan salon yin suke so. In ba haka ba, Asabar za ta koma hannun Velina."

Wannan maganar ta ƙona mata rai ba kaɗan ba. A ƙwace mata Asabar a ba 'yar da ta raina? Ta haɗa jaka ta tafi wani gida a tsaunukan Rodopi inda ake horon, tana shan kunu kamar an aiko ta biyan tara.

Mai horarwar, wata mata ce mai sanyin murya, ta yi ta nanata musu cewa a salon yin ba a kai miƙa ƙarshe, rabi ake tsayawa, filo ya ɗauki sauran, don jikin da ya daɗe a wuri ɗaya ba wasa ba ne. Ta kuma ce malami ya sa ɗalibai a yanayin, sannan ya kama bakinsa. Radostina ta dubi na kusa da ita ta ce, "Ka ji fa. Ni za a koya wa kwanciya." Darasin yamma kuwa ba ta ma san yadda yake ba, tana can ƙauye tana cin banitsa, wata wainar fulawa mai cuku, tana yi wa ƙawayenta waya cewa ta faɗo cikin taron marasa lafiya. Da aka gama aka ba ta takardar shaida, tunda duk wanda ya zo ana ba shi.

Asabar ta zagayo, zaure ya cika, matan sun dawo ganin sabon salo. Bojidar ya jingina da ƙofa ya harɗe hannu.

Radostina ta kwantar da su, ta fara: "Yanzu za mu yi shiru. Shiru magani ne. Ku saurari shirun nan da kyau. Lokacin da nake Indiya..." Kai, wannan mata! Ta yi ta zuba a kan amfanin shiru har Gwaggo Stoyanka ta buɗe ido ɗaya ta dubi ƙofa. Radostina ta ga wannan kallon, ta ga Bojidar yana sosa ƙeya. Sai ta ce a ranta bari ta nuna musu abin da Velina ba za ta iya ba.

"Ku durƙusa, ku zauna tsakanin dugaduganku, ku kwanta da baya a kan filo."

Ita kuwa ta sa ƙafa ta shure nata filon gefe, ta kwanta rigingine har kafaɗunta suka taɓa ƙasa, tana ci gaba da bayani. Ta saba shiga irin wannan da jiki mai ɗumi ta fito nan take. Yau jiki a sanyaye yake, kuma zama aka zo yi. Can sai wani abu ya damƙe mata ƙugu, gwiwoyi suka ɗauki wuta. Ta yunƙura za ta tashi, ina! Ta ce a ɗaga ta, a gaban Bojidar da matan nan? Gara ta mutu a wurin. Ta cije leɓe, maganar Indiya ta tsaya a tsakiya.

Zaure ya yi tsit. Ana jin ƙarar farantan gasa burodi daga ƙasa, ƙamshi yana hawowa. Kafaɗu suka sauka, numfashi ya daidaita, wata ma hawaye ya gangaro mata ba ta share ba. Da kowace ta ji ya ishe ta sai ta fito daga yanayin a hankali ta miƙe ƙafa. Radostina ta tattara ƙarfinta ta ce, "Ku... huta." Iyakar abin da ya iya fita ke nan, suka kuwa huta har lokaci ya cika.

"Tabɗi! Ashe horon nan yana da amfani," in ji wata tana naɗe tabarma. "Ku dube ta, har yanzu ba ta dawo duniya ba." Suka fita da sanɗa don kada su dame ta. Bojidar ya sunkuyo ya raɗa mata, "Asabar taki ce, Yaya," ya sauka abinsa.

Gwaggo Stoyanka kaɗai ta rage. Ta jawo filon da aka shure, ta cusa mata a ƙarƙashin baya, ta warware mata ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. Radostina ta mirgina gefe tana nishi, gumi ya jiƙa mata riga.

"Gwaggo, don Allah kada kowa ya ji."

"Wa zan faɗa wa? 'Yar nan, a gida tsoho na magana, jikoki na ihu, talabijin na yi. In zo nan kuma ki ɗora daga inda suka tsaya. Tun da nake zuwa ajinki, yau ne na fara jin numfashina." Ta rataya jakarta. "Asabar za mu dawo. Ki nemo yadda za ki yi mana shirun nan ba sai kin karya ƙugu ba. In bakin ya farfaɗo, ai Velina na nan da yamma."

Radostina ta buɗe baki. Amsoshi cike da cikinta, har da na Indiya. Ta dubi tsohuwar da ke tsaye tana jira, ta mayar da bakin ta rufe.